Cakulan a Gidan Takaba

Shekarar da aka ƙaddamar da shari'a a jiharmu ita ce shekarar da na yi takaba. Idan mutane suna hirar shekarar, taruka suke tunawa da wa'azi da kabbara. Ni katanga nake tunawa. Gidanmu yana cikin gidajen ma'aikata na Takur, ɗaki biyu da falo da ɗan tsakar gida na siminti a baya. Daga bakin famfo, idan na yi ɗage, ina hango kan duwatsu da ganyen wani dabino. Iyakar abin da na gani na garin Dutse kenan tun daga tsakiyar bazara har damina ta yi nisa.

Maigidana ya rasu ne a hatsarin mota a hanyar Kano. Yana cikin ma'aikatan da aka kwaso daga can lokacin da aka yi sabuwar jiha, kuma aiki yakan mayar da shi Kano a kai a kai. Ya bar ni da 'ya ɗaya, ba ta cika shekara biyar ba. Sunan mahaifiyarsa ya sa mata, don haka ba mai faɗin sunan a gidan. Shi yana ce mata uwata, ni ina ce mata Mamana, kakar kuma takwara.

Bayan sadakar bakwai 'yan zaman makoki suka watse, amma Inna, wato mahaifiyarsa, ba ta koma garinsu Aujara ba. Ta shimfiɗa tabarmarta a falo dab da ƙofa, ta ce za ta zauna da ni har in fita. Kowa ya yaba mata. Ni ma na yi godiya, don a lokacin ban san mai gadi aka kawo mini ba.

Na san mai takaba ba ta sa kwalli ko turare ko lalle, kuma ban yi jayayya da wannan ba. Amma Inna tana da nata ƙarin. Ta juya madubi ya kalli bango. Ta hana ni taka ƙasa ba takalmi. Ta ce muryata kada ta wuce inda nake zaune, ni da nake koyar da 'yan aji uku, wadda idan ta yi tsawa sai an ji a ofishin hedimasta. Sannan ta ba ni wata 'yar wuƙa mai kube, ta ce kada in rabu da ita ko banɗaki zan shiga. Maganar leƙa ƙofar gida kuwa ba ta ma taso ba.

A shekarar rediyo ba ta da aiki sai fatawa. Wata rana na ji wani malami yana cewa riƙe wuƙa da su rufe madubi duk al'ada ce, babu su a littafi, kuma mai takaba tana iya fita idan lalura ta kama. Na ƙara murya yadda ko kurma zai ji. Inna ta ci gaba da jan carbinta har ya gama, sannan ta ce, "Malaman yanzu kenan. Shi ma uwarsa da wuƙa ta yi takaba." Na kashe rediyon raina a ɓace, na shige ɗaki da wuƙata.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne ban taɓa ganin hawayenta ba. Maigidana shi ne ɗanta na fari, ita kuma irin matan da ce masu alkunya. Tun yana raye ba ta taɓa faɗin sunansa ba, sai dai ta ce mai gidan nan. Da ya rasu ma haka ta ci gaba da cewa. Mata suna kuka a kanta, ita tana ba su haƙuri kamar ɗan maƙwabta ne ya mutu. Ni kuwa ina kallonta ina cewa a raina wannan tsohuwa ba ta da zuciya.

Ita ce kuma ta yanke cewa kada a gaya wa yarinyar. "A ce mata ya yi tafiya. Yaro ne, za ta manta." Haka ake yi, kowa ya sani, ni ma ban musa ba. To amma an manta da abu ɗaya, uban yarinyar nan matafiyi ne na gaske, kuma duk tafiyar da ya yi yana dawowa.

Suna da wani wasa, ita da shi. Duk dawowarsa daga Kano sai ya sayo mata wani cakulan mai gyaɗa a ciki. Idan ya tarar tana Islamiyya sai ya ajiye shi a teburin falo, shi kuma ya ɓuya. Ta shigo, ta ga cakulan, ta bi gida tana ihu har ta zaƙulo shi a bayan ƙofa ko a bayan labule, ƙaton mutum da babbar riga. Da daddare kuma kwano ɗaya suke cin tuwo, ba ta yarda da na kowa.

Tunda aka ce mata ya yi tafiya sai ta zauna jira. Ta daina cin abinci sai tsakura. Na yi lallashi, na yi faɗa da 'yar muryar da aka bar mini, na yi alkawarin kaza da kaza. Amsarta ɗaya ce: "Sai Abba ya dawo." Kumatunta suka zube, siket ɗin makarantarta ya fara sauka sai na ɗaure da zare. Ba ta kuka, ba ta fitina. Da la'asar takan zauna a bakin taga tana sauraren ƙarar motoci, ta san wadda ba tasa ba tun daga kwana.

Wata safiya Inna ta ɗaga hannun yarinyar ta duba, ta sake shi, sannan ta ce da ni ba tare da ta kalle ni ba, "Idan kin fita, zan tafi da takwara Aujara. Garin nan bai karɓe ta ba. Can akwai nono, akwai yara, za ta ci."

Ba ni da ikon hana ta. Dangin uba ne, kuma na san mahaifina, kara ba za ta bar shi ya ce a'a ba ko da zan mutu a gabansa. Ga hujja kuma a jikin yarinyar, kowa yana gani. Na shiga banɗaki na kunna famfo don kada a ji ni, na yi kuka har kaina ya yi ciwo. Miji ya tafi, yanzu kuma 'yar, ni kuma ko dokin ƙofa ba ni da ikon tsallakawa in nemi mai taya ni magana. Tsoro nake ji, kuma haushin kowa nake ji, har da shi da ya mutu.

Mutum ɗaya nake iya magana da ita ba da sanin Inna ba, maƙwabciyarmu, Maman 'yan biyu. Bayarbiya ce, nas, ta daɗe a Arewa, Hausarta tana da yawa amma namiji da mace duk kai ne a wurinta. Idan Inna ta kishingiɗa bayan azahar, sai ta kifa bokiti ta hau, ni ma in hau turmi, mu haɗu a kan katanga muna raɗa kamar ɓarayi. Ta riga ta duba idon yarinyar da harshenta ta ce ba ciwo ba ne. Ranar na gaya mata maganar Aujara, na kuma ce ina ganin da za a samo irin cakulan ɗin nan, wataƙila ya buɗe mata ciki. Ta zaga kantunan Dutse ba ta samu ba, sai alawar yara da rana ta narkar. Kantin da maigidana yake saya a Kano kuwa shi kaɗai ya san shi.

"To ka yi da kanka mana," in ji ta. "Ba wuya. Ba wuta, ba gashi. Ka daka biskit, ka sa gyaɗa da ka niƙa, ka sa bota da sukari, ka danna shi a tire. Sai ka haɗa koko da bota da madara ka shafa a sama. Kana da koko?"

"Koko? Kullum sai mun dama."

"Shi ke nan, ka gama."

Maganar ba wuta ta yi mini daɗi, don kananzir ya yi wahala a lokacin, risho ba ya aiki sai dole. Ta miƙo mini biskit da gwangwanin bota ta kan katanga. Gyaɗa kuwa Inna ta zo da soyayyiya daga Aujara. Na murje, na bakace, na zuba a turmi na yi ta daka har ta fara ƙyallin mai. Inna ta leƙo ta ce ƙuli-ƙuli zan yi? Na ce wani abu ne dai na yara. Na ajiye bota a rana ta narke, na haɗa ƙasan kamar yadda aka ce, na danne da bayan cokali ya yi sumul. Ƙamshinsa kaɗai ya sa na fara sa rai.

Sai na zo kan koko. Na san a makaranta an koya mana cewa ana noma wani koko a Kudu, ni da kaina na koyar da shi. Amma wa zai kawo darasin labarin ƙasa cikin kicin? A kicin koko ɗaya na sani, wanda ake sha da ƙosai. Kuma an ce ba wuta. Don haka na ɗebo ɗanyar gasara daga roba, na kwaɓa da bota da madara da sukari, na shafe saman tiren da ita tsaf. Na ga dai fari ne, cakulan kuma baƙi ne, amma na ce wataƙila sai ya kwana yake rinewa. Turawa ba abin da ba sa yi.

Da safe ya rine, amma ba yadda nake so ba. Ruwan gasara ya jiƙe biskit ɗin, saman ya tsattsage yana tsami, ƙudaje sun riga kowa sallama. Na jira azahar na miƙa wa Maman 'yan biyu tiren ta kan katanga. Ta kalla, ta shinshina, ta ce, "Me ka sa a nan?" Na ce koko. Ta sake kallo, sai ta gane. Dariya ta kama ta har bokitin ya goce, na ji faɗuwarta a ɗaya ɓangaren tana ci gaba da ƙyaƙyatawa tana kiran Allah da yarensu. Ban san lokacin da tawa ta kuɓuce ba, da ƙarfi, irin ta da.

Daga falo Inna ta yi gyaran murya. "Wace ce ke dariya a gidan nan?"

Na sauko daga turmin. Dariyar ta koma ciki ta zama wani abu daban. Na ɓata gyaɗa, na ɓata biskit ɗin mutane, kwanaki suna tafiya, ga yarinya tana ƙarewa, ni kuma ina nan ina shafa gasara a tire.

Kashegari Maman 'yan biyu ta miƙo mini wata kwalba da gari a ciki, ja-ja baƙi-baƙi kamar jar ƙasa. Ta ce wannan shi ne koko, a garinsu ake noma shi, babanta ma yana da gona. Na lasa, na tofar. Ɗaci kamar sabara. Ta ce in yi haƙuri, sukari zai sasanta mu.

Matsalar ita ce gyaɗar da ta rage tana cikin ƙullin Inna, ni kuwa ba ni da fuskar roƙo. Ina zaune ina juya maganar sai ga ta ta fito tsakar gida da ƙullin, ta zazzage a faifai. Ashe barcin azahar ɗin nata ba nisa yake yi ba. Na fara daka, ta tsaya tana kallona, can ta ce, "Ba ni nan. Wannan ai shafa turmi kike yi." Ta karɓi taɓarya. Tsohuwar nan ta daka gyaɗar har ta koma kamar man shanu, gumi yana bin wuyanta.

Na sake haɗa ƙasan. Na zuba garin kokon gaskiya a narkakkiyar bota da madarar gari da sukarin da na niƙa, ina juyawa, sai ga shi ya yi baƙi yana sheƙi, ƙamshin da na sani ya tashi. Ƙamshin aljihun rigarsa ne idan ya dawo daga Kano. Na dafa bango na ɗan tsaya kafin na iya shafawa.

An ce a sa a firij, amma wuta ta yi kwanaki ba ta leƙo mu ba, firij ɗin ya zama kabad. Inna ta ɗauki tiren ta kai gindin randa inda yashi yake da damshi, ta kifa kwano a kai, ta lulluɓa da jiƙaƙƙen tsumma. Da yake an yi ruwa garin ya yi sanyi, zuwa la'asar ɗin kashegari ya kama jikinsa. Bai yi tauri kamar na kanti ba, amma ya isa yanka. Wuƙar kicin ɗinmu ta dakushe, don haka na zaro ta takaba daga kube na yanka shi dogo-dogo.

"Ba don wannan aka ba ki ita ba," in ji Inna.

"Ita ce mai kaifi a gidan, Inna."

Na ɗora guda a ɗan faranti na ajiye a teburin falo, na koma bayan gida wanke hannu. Hankalina duk yana kan ko za ta ci. Ban tuna da komai ba sai da na ji shigowarta daga Islamiyya, na ji shiru, sannan na ji ihun da na yi watanni ban ji ba.

"Abba! Abba ya dawo!"

Na fito hannuna da kumfa. Ta gutsuri gefe ɗaya, bakinta duk baƙi, tana dariya. Ta leƙa bayan ƙofa. Ta yaye labule. Ta shiga ɗaki ta duba ƙarƙashin gado, ta buɗe banɗaki, tana cewa, "Na gan ka, fito!" Ni da Inna muna tsaye kamar an dasa mu. Da ta gama gidan ba ta same shi ba, sai ta ce ai yana wajen mota, ta fita da gudu ba takalmi. Ta duba inda yake ajiye motar, babu, sai ta miƙe hanyar titi, inda 'yan acaɓa suke sheƙa gudu.

Na bi ta har ƙofa, a nan ƙafata ta tsaya. Ba wanda ya riƙe ni. Watanni ne aka yi ana gaya mini nan ce iyakata, har jikina ya yarda. Na ce "Mamana!" muryar ba ta kai ko'ina ba. Sai na buɗe baki da muryar aji uku na kira ta da sunanta na yanka, sunan Inna, a gaban Inna, duk layin yana ji.

Yarinyar ta tsaya cak, don ba ta taɓa jin sunan a bakina ba. Inna ta wuce ni ba mayafi, ta je ta kamo hannunta ta dawo da ita.

Na durƙusa a bakin ƙofar daga ciki na riƙe kafaɗunta. Ban nemi izinin kowa ba. Na ce mata ni na yi cakulan ɗin, ni da Inna. Na ce Abba ba tafiya ya yi ba, ya rasu, Allah ya karɓi abinsa, kuma ba zai dawo gidan nan ba. Ta kalle ni, ba ta yarda ba. Ta juya wajen wadda ta fara gaya mata maganar tafiya.

"Inna, da gaske ne?"

Na jira faɗa. Inna ta zauna a kan dokin ƙofar kamar wadda aka sauke wa kaya a ka. Ta ce, "Da gaske ne, takwara." Sannan ta faɗi sunansa, sunan da ban taɓa ji a bakinta ba, ta ce ya rasu. Ta sake faɗa. Daga nan ba ta iya ci gaba ba. Kukan da ta riƙe tun bazara ya zo mata a nan bakin ƙofa, kanta ba ɗankwalin kirki, maƙwabta suna leƙe, ba ta damu ba.

Yarinyar ta yi kwanaki tana kuka, ta ƙi ni, ta ƙi taga. Ranar da ta fara cin abinci kuwa ba cakulan ta nema ba. Koko ta ce tana so, na gero, Inna ta dama mata ta shanye kofi guda. Cakulan ɗin 'yan biyu ne suka cinye mafi yawansa. Inna ta ci guda ɗaya a hankali, ta ce ashe abin da yake saya kenan.

Maganar Aujara ba a sake tayar da ita ba, amma ba a kuma janye ta ba. Haka na ƙarasa kwanakina da ita a wuya. Ranar da na fita na yi wanka, na sa kwalli, aka raba sadaka, aka juyo da madubi. Kashegari Inna ta ɗaure ƙullinta. Ina tsaye ina jiran ta ce in haɗo kayan yarinyar, yarinyar kuma tana riƙe da gefen zanina. Inna ta miƙo hannu, na ɗauka yarinyar take nufi, ashe wuƙarta take so. Na ba ta, ta soke a ƙulli.

Ta sunkuya ta ce, "To takwara, ni zan yi tafi..." Sai ta ga yadda idon yarinyar ya yi. Ta haɗiye sauran.

"Aujara zan je," ta ce. "Aujara, nan kusa. Da kaka in Allah ya yarda zan kawo miki gyaɗa. Ki ci abinci a wajen uwarki."

Muka raka ta har titi, ni da yarinyar, muka tsaya da ita a rana har motar Aujara ta zo.